Kafin roba, da me ake yin dutsen ado?

Kwanaki ina koya wa 'yan firamare shirya duwatsun ado a zare, sai na tambaye su da me ake yin su. Duk ajin suka ce roba. Wallahi abin ya tsaya min a rai.

Sai na ba su labarin Bidda, ƙasar Nufawa. Akwai unguwa can mai suna Masaga, masu narka gilashi, waɗanda ke cewa kakanninsu daga Masar suka taso. A da, da kansu suke haɗa gilashin daga yashi da kanwa, a tanderun ƙasa ana zuga wuta. Da kwalabe suka yawaita, sai suka koma fasa kwalba suna narkawa, suna naɗa ta a jikin sandar ƙarfe. In an zare sandar, ramin da ta bari shi ne hujin dutsen. Wani Bajamushe, Frobenius, ya tarar da su suna aikin a 1911.

Jigidar kakanninmu kuwa, baƙar nan, daga ɓawon ƙwarar kwakwar manja ake goge ta.

Wata yarinya ta ce kakarta tana da ita a adaka. Na ce ta roƙa mana aro.