Tarihin Magungunan Ƙwari a Ƙasar Zazzau da Illarsu ga Lafiya

Magungunan ƙwari, kamar yadda masana aikin gona ke nufi da su, sinadarai ne da ake haɗawa a masana'anta domin kashe ƙwari da tsutsotsi da ɓeraye da ciyayin da ke cutar da amfanin gona, ko yana tsaye a gona ko bayan an kai shi rumbu. Dukansu guba ne, abin da ya bambanta su kawai shi ne ƙarfin gubar da tsawon lokacin da take ɗauka kafin ta lalace. A ƙasar Zazzau tarihinsu ya ratsa wurare biyu da ke cikin ƙaramar hukuma ɗaya: Samaru, inda aka gwada su aka tsara ƙa'idar amfani da su, da Sabon Gari, inda aka sauke su aka sayar. Mafi yawan ɓarnar da suka yi wa lafiyar jama'a ta samo asali ne daga yadda kwalbar magani ta riƙa isa hannun manomi tun kafin ƙa'idar ta isa kunnensa.

Kafin zuwan Turawa manomin ƙasar Hausa yana da nasa dabarun. Yana shuka gero da dawa da wake a gona ɗaya, abin da ke rage wa ƙwarin da ke bin amfani iri ɗaya damar yaɗuwa, yana ajiye hatsi a zangarniyarsa cikin rumbun laka, wake kuwa akan shanya shi sosai a rana sannan a gauraya shi da toka ko yashi ko busasshen barkono. Masunta ma sun san guba, domin sukan daka ganyen magimfa su zuba a tafki kifi ya taso, sai dai gubar tsiro ce da ke lalacewa cikin ɗan lokaci. Waɗannan hanyoyi ba su hana asara gaba ɗaya ba, kuma ba su da wani tasiri idan fara ko tsuntsun jan-baki suka sauka.

Auduga ce ta canza lamarin. A shekarar 1902 masu masaƙu na Ingila suka kafa Ƙungiyar Noman Auduga ta Birtaniya a birnin Mancesta, da nufin samun auduga daga ƙasashen da suke mulka, kuma Arewacin Nijeriya na cikin wuraren da suka fi sa wa rai. Da layin dogo ya iso Zariya a 1911, sai unguwar Sabon Gari ta tsiro a gefen tasha, ta cika da ma'aikatan jirgin ƙasa da 'yan kasuwa daga kudu da rumbunan kamfanonin Turai, aka kuma kafa gidan gurzar auduga a Zariya. A 1922 Ma'aikatar Gona ta buɗe tashar bincike a Samaru, a kan hanyar Funtuwa, wadda a 1962 ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Irin audugar Amurka mai suna Allen, da ire-iren da aka tace daga gare shi a Samaru, sun fi kaɗar gargajiya tsawon zare, amma tsutsotsin da ke huda ƙwallon auduga sun ci gaba da cinye kaso mai yawa na amfanin, kuma har ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu babu wata hanyar yaƙi da su sai tuge karan auduga a ƙone bayan girbi.

A 1939 ne Paul Müller, wani masanin haɗa sinadarai a Suwizalan, ya gano cewa sinadarin DDT yana kashe ƙwari, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 1948. DDT da 'yan uwansa, wato lindan da dayaldirin da indosalfan, suna cikin rukunin da ake kira oganokulorin, kuma abin da ya sa aka ƙaunace su shi ne ya zama aibinsu: ba sa saurin lalacewa. Feshi ɗaya yakan yi watanni yana aiki, amma sinadarin yakan zauna a ƙasa shekaru, ba ya narkewa a ruwa sai a kitse, don haka yana taruwa a jikin kifi da dabba da mutum, yana kuma fita ta nonon uwa zuwa jariri. Hukumomin Arewa sun karɓe su hannu bibbiyu a shekarun 1950. An fesa su a ɗakunan kwana a yammacin lardin Sakkwato daga 1954 domin yaƙi da zazzaɓin cizon sauro, an fesa su a kurmin bakin rafuka domin kawar da ƙudan tsando, kuma ba a yi shekara biyu da fara aikin Sakkwato ba sai da aka ga sauron yankin Birnin Kebbi ya daina jin dayaldirin. Wannan darasi, cewa ƙwaro yana sabawa da guba har manomi ya ga dole ya ƙara yawanta, ya maimaita kansa a gonakin auduga da na wake. Littafin Rachel Carson mai suna Silent Spring, wanda ya tayar da hankalin Amurka kan DDT, ya fito a 1962, shekarar da aka kafa jami'ar Zariya, kuma Amurka ta hana amfani da DDT a gona a 1972, alhali a nan lokacin ne feshi ke shirin yaɗuwa.

Shawarar da Samaru ta bayar kan auduga tana da sharuɗɗa masu tsauri: a shuka da wuri, a shuka auduga zalla ba gauraye, a zuba taki, sannan a yi feshi sau da yawa a jere daga lokacin da ta fara fure. Binciken da David Norman da abokan aikinsa suka gudanar daga tsakiyar shekarun 1960, a ƙauyukan Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi da kuma yankin Daudawa, ya nuna cewa ƙin bin wannan shawara ba jahilci ba ne. Manomi yana fara tabbatar da abincin gidansa kafin ya waiwayi auduga, kuma injin feshi na goyo yana buƙatar ruwa mai yawa da sai an ɗebo shi daga nesa a daidai lokacin da aikin gona ya fi yawa. Maganin da aka samo wa wannan matsala a shekarun 1970 shi ne ƙaramin injin feshi mai aiki da batir, wanda ke watsa magani mai kauri ba tare da an sirka shi da ruwa ba. Ya sauƙaƙa aiki ƙwarai, amma ya kusanto da guba tsantsa ga fatar mai feshi, wanda galibi ba shi da safar hannu ko takalmi ko abin rufe hanci, kuma iska na iya juyo masa da hazon maganin. Shirin raya noma na Funtuwa, wanda Bankin Duniya ya tallafa daga 1975, da shirin ciyar da ƙasa na 1976, da shirin juyin noma na gwamnatin Shehu Shagari a 1980, duk sun raba kayan noma a farashi mai rangwame ta hannun malaman gona. Ko mene ne aibin wannan tsari, a ƙalla wanda ke miƙa maganin ya yi karatunsa.

Daga 1986, da gwamnatin Ibrahim Babangida ta shiga shirin tsuke bakin aljihu, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, har da ta auduga, rangwame ya yi ta raguwa, malaman gona suka yi ƙaranci, sai cinikin ya koma hannun 'yan kasuwa kacokan. A kasuwar Sabon Gari da ta Samaru da kasuwannin ƙauye irin na Giwa da Maƙarfi, mai shago ya zama shi ne malamin gona, shi ke faɗin abin da za a saya da yawan murfin da za a zuba. Aka fara ɗura magani a ƙananan kwalabe marasa suna domin wanda ba ya iya sayen lita guda, kuma maganin da aka yi domin gona ya shiga gida. Gammalin 20, wanda lindan ne da aka fara amfani da shi a gonakin koko na kudu, ya maye gurbin magimfa a hannun wasu masunta, ana kuma shafa shi a kai domin kashe ƙwarƙwata. Sinadarin dikulobos, wanda ake rubuta DDVP a jikin kwalbarsa, ya zama fiya-fiya, ruwan da ake yayyafawa a ɗaki domin sauro da kyankyaso da kuɗin cizo, shi ne kuma wasu 'yan kasuwar hatsi ke zubawa kai tsaye a kan wake domin ya kai lokacin tsada bai huje ba.

Dikulobos yana cikin rukuni na biyu, wato oganofosfet, waɗanda ba sa daɗewa a ƙasa kamar na farko amma sun fi su saurin kisa. A jikin mutum akwai wani sinadari da jijiya ke aikawa domin tsoka ta motsa, akwai kuma wani da ke share shi da zarar saƙon ya isa. Oganofosfet yana hana mai sharewar aiki, sai saƙon ya yi ta maimaituwa ba tsayawa. Wannan ne ya sa wanda ya sha ko ya shaƙa da yawa yake zubar da miyau da gumi da hawaye, yana amai da gudawa, ƙwayar idonsa ta tsuke, tsokarsa ta riƙa rawa, huhunsa ya cika da ruwa har numfashi ya gagara. Akwai allurar atirofin da ke karya wannan guba idan an isa asibiti da wuri, kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika na cikin manyan wuraren da ake kai masu irin wannan larura a yankin. Al'adar ɗura wa mutum manja ko madara, wadda ta zama ruwan dare, ba ta kashe gubar, tana ma iya sa ya shaƙe amai zuwa huhu, ga kuma ɓata lokaci. Yara ne suka fi shiga haɗari, domin kwalbar lemo da aka zuba fiya-fiya a cikinta ba ta da wata alama da za ta hana yaro kai ta baki. Illar ɗan kaɗan-kaɗan na tsawon shekaru ta fi wuyar ganewa, amma a 2015 hukumar binciken ciwon daji ta Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta sanya lindan cikin sinadaran da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji ga ɗan Adam, ta sanya DDT cikin waɗanda ake kyautata zaton suna yi.

Tsadar 'yan ƙwadago ta kawo rukuni na uku, maganin ciyawa, wanda a 'yan shekarun nan ya rage wa fartanya aiki a gonakin masara da shinkafa. Farakwat shi ne mafi muni a cikinsu, domin kurɓa kaɗan na iya taurara huhu cikin kwanaki, kuma ba shi da makari. Abin da aka fesa a tudu, ruwan sama yakan gangaro da wani ɓangarensa cikin rafi, kuma a nan ne Kubanni ya shigo cikin labarin. Wannan rafi yana tasowa daga wajen Shika, ya cika madatsar da jami'a ke shan ruwa daga gare ta a Samaru, ya ratsa tsakanin Sabon Gari da Tudun Wada yana kwasar ruwan kwata da shara, kafin ya faɗa cikin Galma. Masu lambu na noman rani suna ban ruwan tumatir da latas da kabeji da alayyafo daga gare shi, suna kuma yin feshi wani lokaci ana gobe za a kai kasuwa, ba tare da jiran kwanakin da ƙa'ida ta gindaya tsakanin feshi da girbi ba. Malaman jami'ar sun yi rubuce-rubuce da yawa kan ingancin ruwan Kubanni da lakar da ke kwance a ƙasansa, musamman kan ƙarafa masu guba irin su dalma.

Doka ta zo a makare, kuma kusan kullum bayan wani abin takaici. Sai da aka gano sharar guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko, cikin jihar Delta ta yanzu, a 1988 sannan aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, wadda NESREA ta gaje ta a 2007. Rajistar magungunan ƙwari tana hannun hukumar kula da abinci da magunguna, wato NAFDAC, da aka kafa a 1993. Nijeriya ta shiga Yarjejeniyar Istokholm ta 2001 kan sinadarai masu daɗewa, wadda ta ƙara lindan a jerinta a 2009 da indosalfan a 2011. A 2008, bayan ɗalibai mata fiye da 100 na wata makarantar sakandare a Doma, jihar Gombe, sun kwanta asibiti saboda wake da aka samu lindan a cikinsa, NAFDAC ta haramta sinadaran gona 30. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan dikulobos da ya zarce iyakarta ta miligiram 0.01 a kowane kilo, aka kuma yi ta tsawaita dakatarwar. Abin lura shi ne, waken da aka ƙi karɓa a Turai ba wani na daban ba ne da wanda ake ƙosai da alale da shi a gida. A 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben dikulobos na gona, irin su Sniper, a kasuwannin gari da kantuna, bayan yawaitar masu kashe kansu da shi.

Mafitar da ta fi tasiri ba daga hani ta fito ba, daga abin da ke rage buƙatar maganin ta fito. Daga 2007 aka fara yaɗa buhun PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro: leda biyu masu kauri cikin buhu ɗaya, a ɗaure kowace dam, ƙwaron wake ya shanye iskar da ke ciki ya mutu ba tare da an zuba komai ba. A watan Disambar 2019 kuma aka amince da irin wake SAMPEA 20-T, wanda cibiyar Samaru ta samar a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku, iri ne mai jure tsutsar da ke cin fure da kwanson wake, wanda masu binciken suka ce yana rage feshi daga sau shida zuwa takwas ya koma sau biyu. Iri ne da aka sauya wa ƙwayar halitta, don haka yana da masu adawa da shi, kuma ba ya hana ƙwaron rumbu. Duk da waɗannan, manomin da ya shiga shagon kayan gona a Sabon Gari a yau zai tarar da cewa gargaɗin da ke jikin mafi yawan kwalabe, da adadin da za a zuba, da kwanakin da za a jira kafin girbi, da Turanci aka rubuta su.