Addu'ar Tarayya da Ɗorewar Bangaskiya a Ɗarikar Katolika: Nazari daga Nagasaki

Tsakure

Maƙalar ta duba matsayin addu'ar da ake yi tare a rayuwar ɗan Katolika, tun daga baftisma har zuwa gadon mutuwa. Ta dogara da takardun Ikilisiya da tarihin Kiristocin ɓoye na Japan, ta nuna cewa addu'ar tarayya ce ke riƙe bangaskiya a inda babu fada.

Matsayin Ikilisiya

Babban taron bishop-bishop na Vatikan na biyu, wanda ya gudana daga 1962 zuwa 1965, ya fitar da takardarsa kan ibada a Disamba 1963. A ciki ya nemi jama'a su riƙa shiga ibada da bakinsu da zuciyarsu, ya kuma buɗe ƙofar amfani da harsunan gida maimakon Latin kaɗai. A 1964 taron ya ɗauki iyali a matsayin ƙaramar ikilisiya ta cikin gida. Paparoma Paul na shida a 1974, da Paparoma John Paul na biyu a 2002, duk sun kwaɗaitar da iyalai su riƙa yin Rosari tare.

Yadda ake yin Rosari a cikin jama'a ya isa hujja. Mai jagora ya faɗi rabin farko na addu'a, jama'a su amsa da rabi na biyu. Yaron da bai iya karatu ba yana haddace ta daga bakin mahaifiyarsa, shekaru kafin ya fahimci ma'anarta. Idan tsufa ya zo, ido ya daina ganin rubutu, harshe ya yi nauyi, 'ya'ya da jikoki ne ke zagaye gado su faɗi abin da tsohon ya kasa faɗa. A ganin wannan nazari, babbar darajar addu'ar tarayya ke nan: ba ta dogara da ƙarfin mutum ɗaya ba.

Shaidar Nagasaki

A 1614 gwamnatin Tokugawa ta haramta Kiristanci a Japan, aka kori masu wa'azi, aka kashe masu bi da dama. Fiye da shekara 200 ƙauyukan yankin Nagasaki da tsibiran Goto ba su ga fada ba. Babu Misa, babu furcin zunubi. Sai jama'a suka raba aiki a tsakaninsu: wani ya riƙe lissafin ranakun idi da azumi, wani ya yi wa jarirai baftisma, wani ya kai saƙo gida-gida. Addu'o'in kuwa, waɗanda suke kira orasho, da ka ake koyar da su, ana yin su a ɓoye cikin gidaje.

Ranar 17 ga Maris 1865 wasu mutanen ƙauyen Urakami suka shiga cocin Oura da ke Nagasaki, wanda aka gina domin baƙi Turawa, suka bayyana wa Fada Bernard Petitjean, ɗan Faransa, cewa addininsu ɗaya da shi. An janye haramcin a 1873.

Tarihin yana da wani gefe da bai kamata a rufe ba. Da daɗewar rabuwa, lafazin kalmomin Latin da na Fotugal ya jirkice, ma'anar wasu ta ɓace, wasu al'ummomin ma suka ƙi komawa ƙarƙashin Roma bayan an sami 'yanci. Wato addu'ar tarayya tana adana bangaskiya, amma idan babu koyarwa a tare da ita, fahimta na raguwa daga tsara zuwa tsara.

Abin da ya shafi Arewacin Najeriya

Tun da fadannin ƙungiyar mishan ta SMA suka sauka a Shendam a 1907, ƙananan coci-coci na karkara sun saba da ranakun Lahadi da fada ba ya samun zuwa. Katikis ne ke jagorantar sujada, 'yan Zumuntar Mata Katolika kuma su ne kan gaba wajen ziyarar marasa lafiya da gidajen makoki. A yau rashin tsaro ya raba ƙauyuka da dama da fadanninsu, nauyin ya ƙara komawa kan waɗannan bayin Allah. Saboda haka ya wajaba bishop-bishop na Arewa su ba horar da katikis muhimmanci kamar yadda suke ba gina coci, su kuma wadata iyalai da littattafan addu'a masu bayani cikin Hausa da sauran harsunan yankin.