'Yan Amshi: Tarihin Waƙar Taro a Ƙasar Dutse

A gefen garin Birnin Kudu akwai wasu duwatsu da idan aka ƙwanƙwasa su da ɗan dutse sai su yi ƙara kamar ƙararrawa, kowane gefe da irin amonsa. A 1956 Bernard Fagg, Baturen da ya kafa gidan tarihi na Jos, ya wallafa bayani a kan irin waɗannan duwatsu, bayan an gano zanen shanu na mutanen da a kogon Dutsen Mesa da na Dutsen Habude. Ya ga ramukan da yawan bugu ya bari a jikin dutsen. Ya kuma tarar al'adar da sauran ranta, domin a lokacin akan raka amarya Dutsen Murufu ranar bikinta. Dutse ya adana tabon kiɗan. Waƙoƙin da aka rera a gindinsa kuwa sun tafi da masu su, kuma haka akasarin tarihin waƙar taro ya kasance a wannan yanki.

Daga Kiyawa da Jahun da Miga har zuwa Buji da Gwaram, makarantar farko ta waƙa dandali ce. Idan farin wata ya fito, aka ci tuwon dare, 'yan mata su yi da'ira don gaɗa. Zabiya ta ba da waƙa, saura su karɓa da tafi. Babu kuɗin shiga, babu wanda ya zo zaman kallo kawai, kowa da rabonsa na amshi. Haka matan aure ke yi wajen daka da lugude, ko wajen daɓen ɗakin amarya, ko a zaman amada inda ake kifa ƙwarya a ruwa ana kaɗawa. Maza suna da gangar noma ranar gayya, yara kuma da tashe in azumi ya kai goma.

A hannun makaɗa ne amshi ya zama sana'a mai ƙa'ida. Jagora ya kafa gindin waƙa, sannan ya riƙa jero 'ya'yanta, 'yan amshi na dawo da shi gindin duk inda ya kewaya. Salo ya bambanta. 'Yan amshin Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, gindin waƙa suke maimaitawa, su bar masa fili ya ƙaga abin da ya ga dama nan take. Na Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo kuwa sukan karɓe magana daga bakin jagora su ƙarasa masa, abin da ba ya yiwuwa sai an yi shekaru tare. Mutanen Dutse sun sha jin waɗannan muryoyi ta rediyon Kaduna da kaset. Amma tambayi duk wanda ya haddace waƙar Ɗanƙwairo ya faɗa maka sunan ɗan amshi ɗaya, ka ga ya yi shiru. Jagora ke tashi da suna da babbar riga, masu riƙe masa waƙar sai abin da aka raba bayan an tashi.

Makaɗin fada sai da fada. Tun bayan jihadi Dutse tana ƙarƙashin Kano, Sarkin Dutse na cikin hakimai. Gwamna Abubakar Rimi ya ɗaga ta zuwa masarauta a 1981, aka soke a 1983. Sai ranar 27 ga Agusta 1991 aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, Dutse ta zama babban birni, masarautar ta dawo da ƙafarta. Daga nan hawan Salla a fadar sarki da ke Garu ya ƙara armashi, da tambari da algaita da kakaki, ga maroƙa da 'yan amshi a bayan kowane hakimi. Sarki Nuhu Muhammadu Sanusi, da ya yi mulki daga 1995 har rasuwarsa a watan Janairun 2023, ya jawo mawaƙan zamani jiki, har fadarsa ta karrama Aminu Ala da sarauta.

Sai dai taron muryoyi mafi girma a ƙasar Dutse na watan Rabi'ul Awwal ne. Da zarar watan ya kama, zawiyoyi da ƙofofin gidajen malamai su ɗauki karatun Ishiriniya, yabon Annabi (SAW) da Alfazazi, mutumin Andalus, ya tsara kusan shekara 800 da suka wuce. Mutum ɗaya ya ja baiti, jama'a su ɗauka gaba ɗaya, a yi ta yi har dare ya raba. Abin sha'awa, kari ba ɗaya ba ne. Kowace zawiya da irin muryar da ta gada, wanda ya saba yana iya gane almajiran wane malami ne tun daga nesa. 'Yan Ƙadiriyya su haɗa da bandiri. Daga baya makarantun Islamiyya suka shigo da nasu tsari: a jera yara sahu-sahu cikin kaya iri ɗaya, a yi makonni ana bita kafin ranar Maulidi ko walimar sauka. Masu yi ba za su yarda a kira wannan wasa ba, ibada ce a wurinsu, kuma akwai malaman da ba su aminta da Maulidin ba sam. Duk da haka, nan ne aka fi horar da murya.

Zaman Dutse babban birni ya kawo ma'aikata daga sassan ƙasa, sannan Jami'ar Tarayya ta Dutse ta zo a 2011. Majami'u suka yawaita, kowace da ƙungiyar mawaƙanta. Wanda ya taɓa jin matan Zumunta na ECWA suna rera waƙa da Hausa, suna buga tulu, zai ji ginin gaɗa ne aka shigo da shi coci: ɗaya ta bayar, saura su amsa.

Abin da ya sauya lamarin shi ne fiyano da situdiyo. Yau a wajen biki ko gangamin siyasa a dandalin Aminu Kano da ke Dutse, sau da yawa mawaƙi shi kaɗai yake hawa dandamali. Amshin an riga an naɗe shi, yana fitowa daga lasifika, wani lokaci ma muryar mutum ɗaya ce aka ninka. Ya fi araha, ba shakka. Amma waƙar da aka naɗa ba ta iya tsayawa ta gaishe da baƙon da ya shigo yanzu, kuma yaron da a da zai koyi sana'a a bayan jagora ya rasa wurin tsayawa.

A ƙauyukan Kiyawa da Birnin Kudu har yanzu akwai tsofaffin da suka yi zabiyanci a dandali, suna riƙe da waƙoƙin daɓe da na gaɗa a ka. Rediyon Jigawa da Jami'ar Dutse da fadar Garu, don Allah a tura matasa da na'urar naɗar murya su zauna da iyayen nan. In an je, kada a naɗi zabiya ita kaɗai, a nemo mata 'yan amshinta.