Abin da Bebeji Ta Gani Kafin Kano Ta Gani

Mu da muka tashi tsakanin Bebeji da Kiru a shekarun 1990, mun girma da tunanin cewa tarihi a birni yake zaune. Idan malamin firamare ya shigo aji zai ba mu labarin Dala da Barbushe, da Bagauda, da Kasuwar Kurmi, da ƙofofin ganuwar Kano. Mu kuwa namu garuruwan ba su cikin darasi. Da muka shiga birni karatu aka tambaye mu daga ina, sai mu ce "wajen Kwanar Dangora", domin nan ne kowa ya sani: inda mota ke tsayawa a sayi rake da soyayyen kifi kafin a wuce Zariya.

Sai da muka girma muka gane cewa tudun ƙasar nan da muke hawa muna wasan ɓuya a bayan gari, ragowar ganuwa ce. Kuma ganuwar Bebeji ta ga abin da ya kamata a ce kowane ɗan makaranta a Jihar Kano ya sani.

A ranar 29 ga Janairu, 1903, rundunar Turawan Ingila ta tashi daga Zariya a ƙarƙashin Kanar Molan, bisa umarnin Gwamna Lugga, da sojoji baƙar fata sama da 700 da igwa da bindigogi masu ruwa. Kano suka nufa. Garin da ya rufe musu ƙofa a hanya shi ne Bebeji. Suka saita igwa a ƙofar gari suka harba, ƙofa ta tarwatse, Sarkin Bebeji da wasu daga cikin mutanensa suka rasu a wurin. Ranar 3 ga Fabrairu suka shiga Kano, a lokacin Sarki Alu yana hanyar Sakkwato. Wato kafin birni ya ji ƙarar igwa, mutanen Bebeji sun riga sun yi jana'iza.

Ba tsautsayi ne ya sa abin ya faɗa wa Bebeji ba. Garin yana kan tsohuwar hanyar fatake da ta haɗa Kano da Zazzau da ƙasashen kudu. Baturen nan mai yawon buɗe ido, Kilafaton, ya bi ta nan a 1826 ya kuma ambaci garin a littafin tafiyarsa. Ayarin goro daga Gwanja a nan yake yada zango, a huta, a shayar da jakuna, kafin a ƙarasa birni. Shi ya sa Agalawa, waɗanda suka shahara a fataucin nesa, suka yi kaka-gida a yankin. A cikinsu aka haifi Alhassan Ɗantata a Bebeji a 1877. Ya fara da goro, yana kai da komo tsakanin Kano da ƙasar da yanzu ake kira Gana, har ya zauna a Akara. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano ya shiga cinikin gyada, kuma har yau ana ba da labarin raƙuma 20 na kuɗin azurfa da ya kai banki a 1929. Ya rasu a 1955. Duniya ta san Aliko Ɗangote, tattaɓa-kunnensa ta wajen uwa, amma yara nawa ne a Bebeji aka taɓa nuna wa unguwar da zuriyar ta faro?

Wannan hanyar ba a Bebeji ta tsaya ba. Daga Kwanar Dangora wani reshe ya yanki kudu, ya ratsa Tudun Wada, ya shiga Dajin Falgore, ya nufi Jos. Mun tuna zuwa biki Doguwa a bayan a-kori-kura, mu yara a tsakiya, iyaye mata a gefe riƙe da kwanuka. Da an shiga dajin sai hira ta mutu. Manya su kama addu'a saboda 'yan fashi, mu kuwa idonmu na kan titi ko za mu ga birai suna tsallakawa. Ba mu san cewa tun zamanin Turawa aka keɓe dajin ba, daga baya aka mayar da shi gandun namun daji, kuma Kogin Kano ta cikinsa yake bi.

Can gaba, a duwatsun Riruwai, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Doguwa, akwai wani tarihin. Tun kafin zuwan Turawa mutanen wurin suna wanke kuza a rafi, su narka ta, su zuba ta sirara kamar tsinke, fatake su ɗauka zuwa kasuwanni. Waɗannan tsinkayen na daga cikin abin da ya ja hankalin kamfanonin Ingila su zo neman inda kuzar take fitowa. Yau abin da yaro zai gani shi ne ramuka da tsofaffin gine-gine, ba tare da wani allo da zai faɗa masa me aka yi a wurin ba.

Abu na ƙarshe da kudu ta aika wa birni shi ne ruwa. A zamanin Gwamna Audu Bako, tsakanin 1971 da 1974, aka datse Kogin Kano aka gina madatsar Tiga, wadda ke ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Da ruwanta ake noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure, shinkafa da tumatir da alkama, kuma birni yana sha daga gare ta. Mu dai Tiga a wurinmu wajen yawon sallah ce: a je a kalli ruwa, a hango otal ɗin Rock Castle a kan dutse, a ci kifi. Wata rana wani kakanmu ya raka mu, ya tsaya ya daɗe yana kallon ruwan, sannan ya nuna da sanda ya ce, "Kun ga can? Gonarmu tana ƙasa, da rijiyar, da kabarin mahaifina." Muka ce, "Kaka, a cikin ruwa?" Ya ce, "Da can ba ruwa ba ne." Dubban mutane aka tayar aka sake musu matsuguni saboda madatsar. An rubuta tsawonta da zurfinta, amma sunayen unguwannin da ta haɗiye suna bakin tsofaffi kawai.

Haka ma madatsar Bagauda da ta ɓalle a watan Agusta na 1988, ta ci rayuka da gidaje da gonaki. Wasunmu ba a ma haife su ba, amma iyayenmu mata da ita suke lissafi: wane shekarar Bagauda aka haife shi, wance bayanta da damina biyu.

Mu da muke aikin kwamfuta mun san cewa abin da ba a adana ba, ranar da na'ura ta mutu ya tafi. Kakan nan namu ya rasu ba mu naɗi muryarsa ba, kuma duk cikinmu babu wanda ya riƙe sunan unguwar da ya nuna mana. Ganuwa kuma damina na ci, masu ɗibar ƙasa na ci, gonaki da filaye na ci.

Waɗanda suka ga tashin Tiga da idonsu yanzu sun haura shekara sittin, kuma akwai sauransu a Bebeji da Kiru da Tudun Wada. Akwai jikokin masu narka kuza a Riruwai. Wayar da kake karanta wannan da ita tana naɗar murya. Idan ka je gida hutun sallah, ka gaida tsoho ka zauna, ka tambaye shi sunan tsohuwar unguwarsu, da ƙofofin gari guda nawa ne, da inda ayari ke sauka. Ka rubuta ranar da sunan garin, ka aika wa 'yan'uwa a ajiye a wuri fiye da ɗaya.