Sabuwar Kaledoniya: rigimar kundin masu zaɓe a ƙasar Kanak

Sabuwar Kaledoniya, wadda ake kira Nouvelle-Calédonie da Faransanci, tarin tsibirai ce a kudu maso yammacin tekun Pasifik, kimanin kilomita 1,500 gabas da Ostiraliya, kuma kusan kilomita 17,000 daga birnin Paris da ke riƙe da ita. Babban birninta shi ne Numeya. Ƙidayar 2019 ta samu mutum 271,000 da ƴan kai, wato kusan yawan jama'ar birnin Maraɗi a ƙidayar 2012. Ƴan asalin ƙasar, da ake kira Kanak, su ne kashi 41 cikin ɗari, Turawa kashi 24, sauran kuwa mutanen tsibiran Walis da Futuna ne da zuriyar ƴan Asiya da waɗanda suka haɗa jini. Duk siyasar ƙasar a kan waɗannan alƙaluma take juyawa, domin masu ƙasa sun zama marasa rinjaye a gidansu.

Faransa ta kafa tutarta a can ranar 24 ga Satumba 1853. Daga 1864 ta mai da wurin gidan kaso, ta kwaso fursunoni sama da 20,000, har da ƴan Aljeriya da aka kama bayan boren 1871. Aka ƙwace filayen noma aka ba Turawa, aka tattara Kanak a keɓaɓɓun yankuna. Da sarki Atai ya yi tawaye a 1878 aka kashe shi, aka kai kansa Faransa, kuma sai a 2014 aka mayar wa danginsa da shi. Dokar nan ta indijena, mai aikin tilas da hukunci ba tare da shari'a ba, wadda kakannin ƴan Nijar suka ɗanɗana, ita ce ta yi aiki a kan Kanak daga 1887 zuwa 1946. A ƙuri'ar raba gardama ta Satumba 1958, wadda aka kaɗa har a Nijar, tsibiran sun zaɓi zama da Faransa. Ko kuɗinsu, CFP, ɗan'uwan Sefa ne: a wata ɗaya aka ƙirƙiro su, Disamba 1945.

Abin da ya ƙara sauya lissafi shi ne ƙarfen nikel. A ƙarshen shekarun 1960 farashinsa ya tashi, baƙi suka yi ta kwarara neman aiki. A 1972 firaminista Pierre Messmer ya rubuta wasiƙa yana ba da shawarar a ƙarfafa zuwan Faransawa don kada masu neman ƴancin kai su sami rinjaye. Kanak ba su manta da wannan wasiƙa ba, kuma wanda bai san da ita ba zai yi wuya ya gane dalilin da ya sa maganar kundin zaɓe ke tayar da hankali haka.

Daga zubar da jini zuwa yarjejeniya

A 1984 aka kafa ƙawancen FLNKS na masu neman ƴanci ƙarƙashin Jean-Marie Tjibaou. Shekaru huɗu aka yi ana tashin hankali. A 1986 Majalisar Ɗinkin Duniya ta mayar da ƙasar cikin jerin yankunan da ba su fita daga mulkin mallaka ba. Abin ya kai maƙura a tsibirin Uveya a Afrilun 1988, inda aka kashe jandarmomi huɗu, aka yi garkuwa da wasu a cikin kogo. Ranar 5 ga Mayu sojoji suka kai farmaki, Kanak 19 da soja biyu suka mutu. Kusan wata biyu bayan haka Tjibaou da Jacques Lafleur, jagoran masu son zama da Faransa, suka sa hannu kan yarjejeniyar Matignon a gaban firaminista Michel Rocard. Shekara na zagayowa wani ɗan Kanak da ke ganin an sayar da su ya harbe Tjibaou.

Yarjejeniyar Numeya ta 5 ga Mayu 1998 ita ce ta tabbatar da tsarin da ake kai: jihohi uku (Kudu, Arewa da tsibiran Loyote), majalisa mai kujeru 54, majalisar sarakunan gargajiya, da miƙa iko sannu a hankali daga Paris, ban da tsaro da shari'a da kuɗi. Ta kuma tanadi ƙuri'ar raba gardama har sau uku kan ƴancin kai. A 2018 masu cewa a'a sun samu kashi 56.7, a 2020 suka sauko zuwa 53.3. Tazarar tana raguwa ke nan. Ta uku ta faɗo a Disamba 2021, lokacin da cutar korona ta yi ɓarna a cikin Kanak. Suka roƙi a ɗage saboda zaman makoki, wanda a al'adarsu yake daɗewa, gwamnati ta ƙi, su kuma suka ƙaurace. Aka samu kashi 96.5 na a'a, amma masu zaɓen da suka fito ba su kai kashi 44 ba. Paris ta ce magana ta ƙare. A takarda haka ne, sai dai ƙuri'ar da masu ƙasa ba su shiga ba da wuya ta kashe gardamar mulkin mallaka.

Kundin da aka daskarar

Ga tushen rigimar. Don kada sababbin baƙi su nutsar da ƙuri'ar Kanak, an amince cewa a zaɓen jihohi sai waɗanda suka zauna ƙasar tun kafin ƙarshen 1998 da ƴaƴansu ne ke jefa ƙuri'a. A 2007, zamanin Jacques Chirac, aka sa wannan cikin kundin tsarin mulkin Faransa. A 2024 kusan mutum ɗaya cikin biyar na masu zaɓe ba ya cikin wannan kundi, har da wasu da a can aka haife su. Su ma suna da hujja: mutum ya shekara ashirin yana biyan haraji, amma ba shi da ta cewa kan masu mulkinsa. Kanak kuwa suna cewa wannan shinge shi ne abin da aka ba su a madadin ajiye makamai, kuma ba a taɓa shi sai da yardarsu.

A 2024 gwamnatin Emmanuel Macron ta kawo kudurin buɗe kundin ga duk wanda ya shekara 10 a ƙasar, abin da zai ƙara masu zaɓe kimanin 25,000. Ranar 13 ga Mayu, ana cikin muhawara a majalisar dokoki a Paris, Numeya ta kama da wuta. Matasa suka datse hanyoyi, aka ƙona kantuna da masana'antu da makarantu. Mutum 14 suka mutu, akasarinsu Kanak, da jandarmomi biyu. An ƙiyasta asarar da sama da Yuro miliyar 2, wato fiye da miliyar 1,300 na Sefa. Aka kafa dokar ta-ɓaci, aka toshe TikTok, a watan Yuni kuma Macron ya jingine kudurin. An kama Christian Tein, jagoran masu zanga-zangar, aka kai shi kurkuku a Faransa. Yana tsare FLNKS ta zaɓe shi shugabanta, kuma sai a Yunin 2025 aka sake shi.

Wutar ta tarar da tattalin arziki a kwance. Ƙasar na cikin manyan masu arzikin nikel a duniya, tana da masana'antu uku na sarrafa shi, amma Indonesiya ta cika kasuwa, farashi ya faɗi. Masana'antar Koniambo ta jihar Arewa, wadda Kanak suka ɗora wa burinsu na tsayawa da ƙafafunsu, ta tsaya a Agustan 2024 bayan kamfanin Glencore ya janye, ma'aikata kimanin 1,200 suka rasa aiki. Haƙar kuma ta bar tabo: ana fere kawunan duwatsu, ruwan sama ya kwaso jan laka zuwa koguna da gaɓar teku, inda murjanin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2008 yake. A 2014 gurɓataccen ruwa ya malalo daga masana'antar Kudu ya kashe kifaye a wani rafi, mazauna yankin suka tayar da ƙayar baya.

Ranar 12 ga Yuli 2025, a garin Bougival kusa da Paris, wakilan ɓangarorin suka sa hannu kan daftarin da ya tanadi kafa ƙasar Sabuwar Kaledoniya a cikin jamhuriyar Faransa, da shaidar zama ɗan ƙasa tata ta kanta, da sassauta kundin zaɓe. Wata guda bayan haka babban taron FLNKS ya yi watsi da shi, yana mai cewa babu hanyar cikakken ƴanci a ciki.