Gano Matsalar Wutar Sansa a Manyan Injunan Aiki: Jagora ga Direba da Bakanike

Garin Arlit ya kafu ne a 1969 saboda haƙar yuraniyom. Kamfanin SOMAÏR ya fara fitar da ma'adini a 1971, mahaƙar COMINAK ta Akokan kuma ta yi aiki daga 1978 har aka rufe ta a Maris na 2021. Aikin haƙa da gyaran hanya a wannan yanki ya dogara ga katafila da gireda da manyan tifofi. Idan kana tuƙa ɗaya daga cikinsu, ko kana koyon gyara, wannan bayani naka ne.

Mene ne sansa?

Sansa ƙaramar na'ura ce da ake ɗaurawa a jikin injin. Aikinta irin na ɗan aike ne: tana auna abu guda, sai ta aika labari ta waya zuwa kwamfutar injin, wadda ake rubuta wa ECM. Akwai mai auna zafin ruwa, da mai auna ƙarfin baƙin mai, da mai auna iskar da ke shiga, da mai ƙirga juyin injin. Da wannan labari ne kwamfuta ke sanin yawan man da za ta sakar.

Idan labarin ya zo a karkace, kwamfuta takan kunna fitilar gargaɗi, ta rage ƙarfin injin, wani lokaci ta kashe shi. Laifin yana iya kasancewa a wuri huɗu: sansar kanta, wayar, mahaɗin waya, ko kuma injin ne da gaske ba shi da lafiya. Sau da yawa sansar lafiyarta lau. Saboda haka ka auna kafin ka saya, domin tsakanin Arlit da Agadez kilomita kusan 240 ne, kuma mota tana iya yin kwanaki a tsaye tana jiran kayan da ba ta bukata.

Me ya sa wayoyi ke lalacewa a nan?

Zafin rani yakan wuce digiri 40, ga kuma zafin injin. Robar waya sai ta bushe ta tsattsage. Jijjiga a kan dutse tana sa waya ta goga da ƙarfe har ta fito tsirara. Ƙura mai laushi kuma tana shiga duk mahaɗin da robarsa ta mutu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Matakan bincike

1. Ka tsayar da mota a wuri madaidaici. Ka sauke cokali ko wuƙar gaba har ƙasa, ka ja birki, ka kashe injin.

2. Ka fara ɗaukar gargaɗin a matsayin gaskiya. Ka duba baƙin mai, da ruwa, da bel, da ƙurar da ta toshe lagireto. Kada ka buɗe murfin lagireto injin na da zafi.

3. Ka rubuta lambobin da suka fito a allon gaban direba kafin a share su. Lambar farko tana nuna wurin: a injuna da yawa 100 na nufin ƙarfin baƙin mai, 110 kuma zafin ruwa. Lamba ta biyu, mai alamar FMI, tana nuna irin matsalar. FMI 3 na nufin wuta ta yi yawa a wayar labari, FMI 4 wuta ta yi ƙasa, FMI 5 waya ta katse, FMI 2 kuma labarin yana rawa.

4. Ka auna batir da mitar awon wuta. Ma'aunin wuta sunansa bolt, harafinsa V ne a jikin mita. Yawancin manyan injuna suna aiki da bolt 24, wato batir biyu na bolt 12 a jere. Idan injin na aiki, mita ta nuna kusan bolt 28. Batir mai rauni ko kan batir mai datti yana haifar da lambobin ƙarya.

5. Ka bi wayar da ido da hannu daga sansa har kwamfuta. Ka cire mahaɗi, ka duba haƙoransa: ko sun lanƙwashe, ko sun yi tsatsa, ko mai ya shiga.

6. Ka auna wutar sansa. Mai waya uku tana da wayar da ke kawo wuta, da ta ƙasa, da ta labari. Ka murɗa makulli ba tare da ka ta da injin ba. A yawancinsu za ka sami bolt 5 tsakanin wayar wuta da ta ƙasa, wayar labari kuma tana tsakanin 0.5 da 4.5. Wasu sansoshi suna da nasu ma'auni, don haka ka duba littafin injin.

7. Idan matsalar tana zuwa tana tafiya, ka girgiza wayoyi a hankali kana kallon mita. Inda lambar ta yi tsalle, nan ne ciwon.

Idan lambobi da yawa suka fito tare

Sansoshi da dama sukan sha wuta daga waya ɗaya. Idan guda ta haɗe da ƙasa, sai ta janye wutar sauran, dukansu su zama kamar sun mutu. Ka riƙa cire su ɗaya bayan ɗaya kana auna bolt 5 ɗin. Wadda ka cire wuta ta dawo, ita ce mai laifi. Idan ka cire duka ba ta dawo ba, ka koma kan wayar.

Abubuwan da za ka kiyaye

Kada ka haɗe wayoyin sansa don ka kashe fitilar gargaɗi. Idan baƙin mai ya ragu da gaske, injin zai ƙone ba tare da ya sanar da kai ba. In kana shakka, ka ɗaura agogon awon mai na hannu ka gwada.

Kada ka huda robar waya da allura, kuma kada ka gwada wayoyin kwamfuta da ƙwan fitila. Kada ka murɗe waya biyu ka naɗe da leda. Ka sa mahaɗi mai roba, ka ɗaure wayar nesa da zafi.

Kafin a yi walda a jikin mota, a kashe babban makullin batir, a maƙala wayar ƙasa ta walda kusa da wurin aiki.

Kada ka hure ƙurar mahaƙa da baki. Ka rufe hanci da baki, ka wanke hannu kafin cin abinci.

Bayan gyara

Ka share lambar, ka ta da injin har ya ɗauki zafi, ka yi aiki da shi kaɗan. Idan lambar ba ta dawo ba, gyara ya yi. Idan waya da mahaɗi da sansa duk lafiya suke amma fitila ta ƙi mutuwa, ka kira mai kwamfutar bincike. Ka ajiye ƙaramin littafi a mota, ka riƙa rubuta rana da lamba da abin da aka gyara, domin wanda zai duba injin bayanka ya san inda zai fara.