Bona Fides da Tarihinta a Shari'ar Rumawa

Bona fides kalmomi biyu ne na harshen Latin da ke nufin riƙon amana da kyakkyawar niyya a cikin hulɗa, kuma tun kafin su zama ƙa'idar kotu suna da gurbi a addinin Rumawa, domin akwai abar bautarsu mai suna Fides wadda aka gina wa ɗakin bauta a kan tudun Capitol a tsakiyar ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, inda masu yi mata hidima kan je da hannun dama a naɗe cikin ƙyalle, alamar cewa hannun da aka ƙulla alkawari da shi yana da alfarma.

Tsohuwar shari'ar Rum ta lafazi ce tsantsa, ta yadda a yarjejeniyar da ake kira stipulatio, wadda mutum ɗaya ke tambaya ɗayan ya amsa da kalmomin da suka dace, alƙali ba ya duba komai sai ko an furta kalmomin. Da fatauci ya bunƙasa, baƙi suka yawaita a birnin, sai aka samu wani rukunin ƙararraki da ya shafi saye da sayarwa, haya, haɗin jari, wakilci da ajiya, waɗanda a cikinsu praetor, wato jami'in da ke tsara ƙara kafin ya miƙa ta ga alƙali, yakan sanya kalmomin ex fide bona a umarninsa. Da wannan ɗan ƙari alƙali ya sami ikon auna abin da mutumin kirki zai yi a irin wannan ciniki, ko da ba a ambace shi da baki ba.

Marubucin Rumawa Cicero ya kawo misali a littafinsa De Officiis na shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa. Masu duban tsuntsaye, wato malaman addinin da ke karanta alamu daga tashin tsuntsaye kafin hukuma ta zartar da al'amari, sun umarci Claudius Centumalus da ya rushe saman gidansa da ke tudun Caelian saboda tsawonsa yana tare musu gani. Maimakon ya rushe, sai ya sa gidan a kasuwa ya sayar wa Calpurnius Lanarius ba tare da ya ce uffan ba. Umarnin ya faɗa kan mai saye, shi kuwa ya rushe, daga baya ya gano abin da aka ɓoye masa, ya kai ƙara. Alƙalin, Marcus Cato, ya yanke cewa tunda mai gidan ya sani ya yi shiru, wajibi ne ya biya asarar. Centumalus bai yi ƙarya ko ɗaya ba, kuma a nan ne nauyin hukuncin yake, domin an ɗauki shirunsa a matsayin ha'inci.

Bona fides tana da ma'ana ta biyu da ta shafi sanin mutum, kamar wanda ya sayi kaya bai san cewa na wani ne ba, kuma dukkan ma'anonin sun shiga kundin Digest da sarki Justinian ya fitar a shekara ta 533. Daga wannan tushe ne Faransa ta sanya ƙa'idar a dokokinta na 1804, Jamus kuma a nata da suka fara aiki a 1900. Ingila ta yi ɗari-ɗari da mayar da ita doka gama-gari, sai a fagage irin na inshora, inda alƙali Lord Mansfield ya bayyana a shari'ar Carter da Boehm ta 1766 cewa mai neman inshora dole ne ya faɗi abin da ya sani game da haɗarin. Nijar ta gaji ƙa'idar ta hanyar dokokin Faransa, Najeriya kuwa ta hanyar na Ingila, shi ya sa lauyoyin Najeriya kan ambaci bona fide a rigingimun filaye, yayin kare wanda ya biya kuɗinsa bai san wani yana da haƙƙi a kan filin ba.